Rigimar fassarar anime: laifin mai fassara ne, na inji, ko na Turancin kansa?

A farkon watan Yulin 2025 masu kallon wani sabon anime mai suna Necronomico and the Cosmic Horror Show a dandalin Crunchyroll suka ci karo da abin da ya tayar da ƙura. A tsakiyar fassarar Jamusanci da ke fitowa a ƙasan allo, sai ga kalmomin da ke nufin "ChatGPT ya ce". Wani ne ya kwafo amsar inji ya manna, ko waiwayarta bai yi ba. Kamfanin ya ce ɗan kwangila ne ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira, kuma hakan ya saɓa wa yarjejeniyar da ke tsakaninsu. Nan take tsohuwar gardama ta farfaɗo. Wasu na cewa inji zai kashe fassara, wasu na cewa gara injin, domin masu fassara sun daɗe suna cusa ra'ayinsu a bakin jarumai. Tambayar da ta dame ni ita ce: wanda ba ya jin Japananci, kamar mafi yawanmu, da me zai gane an ba shi labarin yadda yake ko an tauye masa? Kuma idan an tauye, a hannun wa abin ya zube?

Abu uku ne ake kira fassara

Anime shi ne katun na Japan, kuma tun da Osamu Tezuka ya fara fitar da Astro Boy a talabijin a 1963 ake fassara shi zuwa wasu harsuna. Hanya ta farko ita ce fassarar ƙasan allo: muryoyin Japananci suna nan, rubutu na gudana a ƙasa. Ta biyu ita ce ɗora murya, irin wadda muka sani a finafinan Indiya na fassarar Algaita. Mai ɗora murya dole maganarsa ta dace da motsin baki, don haka yana da 'yancin ragewa da ƙarawa fiye da mai rubutu.

Ta ukun ita ce ke ruɗa mutane. Wani lokaci rubutun da ke ƙasa ba daga Japananci aka fassaro shi ba, kwafin maganar 'yan ɗora muryar Turanci ne. Sai ka kunna muryar Japananci, jarumi ya yi shiru amma rubutu na ta zuba, ko ya yi dogon jawabi rubutu ya ba ka kalma uku. Da yawa daga hotunan da ake yaɗawa ana cewa ga shaidar an lalata fassara, daga nan suke fitowa. Haka kuma sanannen layin nan na Miss Kobayashi's Dragon Maid a 2017, inda aka sa wata jaruma ta yi ƙorafi kan danniyar maza alhali asalin maganar ba ta kai can ba, a ɗora muryar Turanci ya fito. Laifi ne na gaske, amma ba na mai rubutun ƙasan allo ba ne.

Inda rashin yardar ya samo asali

Masu kallo ba haka kawai suka zama masu zargi ba, an sha yi musu. Duk wanda ya tashi a shekarun da NTA ke nuna Voltron ya kalli anime ba tare da ya sani ba. Asalinsa shiri ne na Japan mai suna Beast King GoLion na 1981, Amurkawa suka yanka suka sake ɗinkawa a 1984. A na asali ɗaya daga matuƙa zakunan mutuwa ya yi. A wanda aka nuna mana sai aka ce rauni ya ji, an kai shi jinya. A Pokémon an nuna curin shinkafa ƙiri-ƙiri a hannun yaro aka ce donot ne, kamar a nuna maka ƙwallon fura a ce maka burodi ne. Da kamfanin 4Kids ya karɓi One Piece a 2004, sigarin da ke bakin Sanji alawa ta zama. Fim ɗin Hayao Miyazaki na 1984, Nausicaä, an yanke masa fiye da minti 20 aka canza masa suna a Amurka. Abin ya yi wa Ghibli, kamfanin su Miyazaki, ciwo har lokacin da za a kai Princess Mononoke can, furodusan kamfanin ya aika wa shugaban Miramax, kamfanin da zai rarraba fim ɗin, takobi da saƙon cewa ba a yarda a yanke komai ba.

Ba Amurka kaɗai ba ce. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da suka kalla ta tashoshin Faransa sun san Captain Tsubasa da sunan Olive et Tom, waɗanda kuma suka kalla ta tauraron ɗan'adam na Larabawa, a Sudan ko Chadi ko nan gida, Kyaftin Majid suka sani. Yaro ɗaya, ƙwallo ɗaya, suna uku.

Martanin masu kallo shi ne fassarar 'yan sa-kai. Tun zamanin kaset ɗin bidiyo ƙungiyoyin masoya ke fassara da kansu, da intanet ta yi ƙarfi kuma abin ya zama sana'ar da ba albashi: wannan ya fassara, wannan ya daidaita lokaci, wannan ya zana rubutun allunan titi da wasiƙu a daidai inda suke, wani ya duba kurakurai. Manhajar Aegisub ce teburin aikinsu. Sun yi aikin da har yau ake yabawa, amma su ma sun zarce. Saboda tsoron kada a ce sun canza, sai suka riƙa barin kalmomi ba fassara. Wata ƙungiya da ta fassara One Piece ta bar kalmar nakama yadda take, wai tana da nauyin da ba ya fassaruwa, alhali kalma ce ta yau da kullum mai nufin abokan tafiya ko 'yan ƙungiya ɗaya. Wani kashin sai ka ga bayanin mai fassara ya cinye saman allo, kana karatu har faɗan ya wuce.

Daga waɗannan gidaje biyu rigimar yau ta fito. Ɓangare ɗaya yana tuna donot, ɗaya yana tuna nakama.

Gaggawa da ƙuncin allo

A Janairun 2009 Crunchyroll, wanda ya fara a 2006 a matsayin wurin da mutane ke ɗora bidiyo ba izini, ya koma hanyar halal ya fara sakin Naruto Shippuden jim kaɗan bayan an nuna shi a Japan. Wannan ya sauya komai. Yanzu ana sa ran kashi ya fito da fassara a ranar da ya fito a Tokyo. Shekarar anime zango huɗu ce, Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba, kowane zango da sababbin shirye-shirye gommai, mafi yawansu kashi 12 ko 13. Mai fassara yana aiki kan kashi na uku bai san abin da zai faru a na goma ba. A 2021 Sony ya sayi Crunchyroll kan dala biliyan 1.175, a Afrilun 2024 kuma aka rufe Funimation, wani dandalin anime da shi ma na Sony ne, aka haɗe su. Idan mai sayen aiki ya zama ɗaya, mai sayarwa ba ya da bakin ciniki sosai, kuma masu fassara sun daɗe suna kuka kan ƙarancin ladan da ake biyansu.

Ga kuma ƙuncin wurin. Ƙa'idar Netflix ta Turanci ita ce layi biyu, kowane layi kada ya wuce harafi 42, rubutu kada ya zauna fiye da daƙiƙa 7, kuma kada ya wuce harafi 20 a daƙiƙa ga manya. Duk abin da bai shiga wannan akwati ba sai a sauke shi. Don haka gajartawa ita kaɗai ba cin amana ba ce. Abin dubawa shi ne me aka zaɓa aka sauke.

Batun inji kuwa ba a 2025 ya fara ba. A Oktoban 2023 an janye kashin farko na The Yuzuki Family's Four Sons saboda munin fassararsa, masu kallo suka yi zargin aikin inji ne. A farkon 2024 shugaban Crunchyroll, Rahul Purini, ya faɗa a wata hira cewa suna gwada ƙirƙirarriyar basira a harkar rubutun ƙasan allo. Matsalar inji a Japananci ta musamman ce: harshen yana yawan barin mai aikatawa ba a ambata ba. Jimla za ta ce "tafi" kawai, kai ne za ka duba fuska da yanayi ka san wa ya tafi. Injin da aka ba rubutu zalla ba ya ganin fuska, sai ya yi canki, ya mayar da "na tafi" ta koma "ya tafi".

Abin da Turanci ke zubarwa alhali Hausa tana da shi

Nan ne nake ganin mu Hausawa muna da abin cewa wanda masu gardamar Turai da Amurka ba su da shi.

Wani dare an ɗauke wuta, ni da ƙanwata muna kallo a waya ɗaya, ta jingina da kafaɗata, na rage hasken allo saboda caji. A shirin wata yarinya ta leƙo ɗakin wanta ta kira shi. Rubutun Turanci ya kawo sunansa tsirara. Ƙanwata, wadda ko kalma goma ta Japananci ba ta sani ba, ta ɗago ta ce: "Yaya, ai ba sunansa ta kira ba." Na mayar baya muka sake saurare. Onii-chan ta ce. Ma'anarsa Yaya, da ɗan shagwaɓa a ciki. Mai fassarar bai yi kuskure ba a ma'aunin Turanci, domin a can ƙanwa sunan wanta take kira. Amma a gidanmu, da a gidan yarinyar can ta Japan, ranar da ƙanwa ta kira wanta da gatsal ɗin sunansa, to akwai magana.

Japananci ya raba ani da otouto, ane da imouto, daidai yadda muka raba wa da ƙane, ya da ƙanwa. Turanci kalma ɗaya yake da ita ga maza, ɗaya ga mata, babba da ƙarami duk a kwano ɗaya. Sensei ana kiran malamin makaranta da shi, da likita, da marubuci, kusan faɗin da Malam yake da shi a wurinmu. Senpai shi ne siniya, kuma duk wanda ya yi makarantar kwana ya san nauyin da ke cikin kalmar ba sai an yi masa bayani ba. Yaro ya ga dattijon da bai sani ba a hanya ya ce masa ojisan, mu ma Baba ko Kawu za mu ce. Matar aure ta kira mijinta anata maimakon sunansa, wanda ya tashi cikin alkunya ba ya buƙatar sharhi.

Sai ƙananan kalmomin da ake liƙa wa suna: -san na girmamawa ta yau da kullum, -sama na ranka ya daɗe, -kun na yaro ko na ƙasa, -chan na lele. A labaran soyayya da na makaranta, ranar da aka sauke wannan ɗafi aka kira mutum da sunansa zalla ita ce ranar da dangantaka ta sauya. Sai ka ga yarinya ta yi ja ta sunkuyar da kai, mai karanta Turancin da tun kashin farko yake ganin suna tsirara yana mamakin me ya faru. An gina kashi takwas domin wannan daƙiƙar, fassara ta rushe ta tun kafin a iso.

Gaisuwa ta fi ban tausayi. Mai fita daga gida ya ce ittekimasu, a amsa masa itterasshai: sai na dawo, a dawo lafiya. Ya dawo ya ce tadaima, a ce okaeri: na dawo, sannu da zuwa. An tashi daga aiki a ce otsukaresama: sannu da aiki. Baƙo zai shiga gidan mutane ya ce ojamashimasu: gafaranku dai masu gida. Ga kowace ɗaya Hausa tana da 'yar'uwarta zaune tana jira. Turanci kuwa kame-kame yake yi, yau ya ce wannan gobe ya ce wancan. Kuma waɗannan ba ado ba ne. Marubutan anime sun san zafin maraya ya buɗe ƙofa ya ce tadaima gida ya yi tsit, da kuma daɗin ranar da wani ya amsa masa. Bahaushe zai ji wannan har cikin ƙashinsa idan an ba shi da "sannu da zuwa".

Ko rigimar shirin Evangelion ta Yunin 2019, lokacin da Netflix ya fito da sabuwar fassara, a kan kalma ɗaya ta fi zafi: suki. Turanci yana da kalmar so mai nauyi da mai sauƙi, dole mai fassara ya zaɓi ɗaya. Tsohuwar fassara ta ɗauki mai nauyi, sabuwa ta ɗauki mai sauƙi, aka yi ta cacar baki. Mu da muke cewa ina son shayi, ina son ki, da kalma ɗaya, da mun bar ta a buɗe yadda marubucin ya bar ta.

Inda Hausa ma za ta yi gumi

Kada wannan ya sa mu ɗauka Hausa za ta wuce sumul. Japananci yana da "ni" iri-iri. Watashi na ladabi, boku na yaro ko namiji mai sanyin hali, ore na namiji mai ji da kansa, washi na tsoho. A fim ɗin Makoto Shinkai na 2016, Your Name, yarinyar da ta farka a jikin saurayi ta yi ta gwada irin waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya a gaban abokansa har ta dace da ore. Da Hausa duk "ni" ne, sai dai mai fassara ya nemo wata dabarar.

Jinsi kuma ya fi matsa mana fiye da Turanci. Ba ma iya cewa ka zo ko kin zo, ya tafi ko ta tafi, ba tare da mun tona namiji ne ko mace ba. A Detective Conan an shafe shekaru ana kiran shugaban ƙungiyar miyagu ano kata, kalmar girmamawa da ba ta nuna jinsi. Mai fassarar Hausa sai ya fake da jam'i, ya ce "su oga", in ba haka ba ya fasa ƙwan tun ba a je ko'ina ba.

Akwai karin harshe. Mutumin Osaka yana magana da karin Kansai, kamar Hattori Heiji na Detective Conan. Za a iya ba shi Sakkwatanci ko Damagaranci, amma kowane kari yana zuwa da kayansa, da barkwancin da muka ɗora masa, wanda ba na Osaka ba ne. Akwai kuma tarkon da na fi jin tsoro: itadakimasu, da ake faɗa kafin cin abinci. Wurinta ɗaya da Bismillah, ma'anarta daban. Godiya ce ga abincin da waɗanda suka samar da shi. Wanda ya sa Bismillah a bakin yaron da a kashi na gaba zai je wurin bautar Shinto, addinin gargajiya na Japan, ya yi irin ta masu donot, sai dai tasa ta fi nauyi.

Wani kuskuren kuma ba na kowa ba ne. Japananci ba ya raba sautin r da l. Shekaru da dama ana rubuta tsibirin ƙarshe na One Piece da Raftel, sai a 2019 aka bayyana cewa Laugh Tale ne, suna mai ma'ana a cikin labarin. Ba mai fassarar da zai iya sanin abin da marubuci ya ɓoye a aljihunsa.

Abin da ɓangarorin ke riƙe da shi

Masu son a bi kalma da kalma suna da gaskiya a abu ɗaya: mai fassara ba shi da hurumin sa wa jarumi ra'ayin da ba nasa ba, ko yayin barkwancin intanet da zai tsufa kafin shekara. Inda suka kauce shi ne zaton cewa akwai wata fassara tsarkakakka da inji zai fitar ba son rai. Inji ma zaɓi yake yi, sai dai ba ya sanin ya yi, kuma ba wanda za a tambaya dalili. Ƙwararrun masu fassara kuma suna da gaskiya cewa barkwancin da bai ba da dariya ba an kashe shi, ko da kowace kalma tana wurinta. Inda nake rabuwa da wasunsu shi ne mai kallon da suke hangowa. Ba'amurke suke rubuta wa, alhali wannan Turancin shi ne ake karantawa a Kano da Kumasi da Manila, wurin mutanen da Yaya da Malam da siniya ba baƙi ba ne a kunnensu.

Yadda abin ya shafi mai kallo a nan

Yawancinmu ba daga tushe muke ɗiba ba. Wani wurin masu tura finafinai yake zuwa a cika masa memori, wani aboki ne ya tura masa, wani ya sauke ƙaramin fayil saboda tsadar data. Fayil ɗin ba ya faɗin wa ya fassara shi. Zai yiwu kwafin na kamfani ne, zai yiwu na 'yan sa-kai ne, zai yiwu an bi da shi ta inji sau biyu. Sai mutum ya kalli kashi uku, ya ce shirin ba shi da ma'ana, ya shiga MyAnimeList, shafin da masu kallo ke ba anime maki, ya ba shi 4 cikin 10, alhali fassarar ya yi wa hukunci.

A lura da ni, wannan yana cikin abin da ya sa shirye-shiryen faɗa suka fi tafiya a wurinmu. Demon Slayer ko Jujutsu Kaisen, ko rubutun ya yi rauni, takobi da zane za su riƙe ka. Amma shiri irin Gintama da ya dogara da wasa da kalmomi, ko labarin iyali da duk nauyinsa ke cikin wa ya kira wa da me, da zarar fassara ta gaza ya mutu a hannunka.

Akwai alamun da nake dubawa kafin in yanke wa shiri hukunci. Idan sunan mutum ɗaya yana canza rubutu tsakanin kashi da kashi, ba wanda ya bi aikin daga farko zuwa ƙarshe. Idan ana ce wa mace "shi" a nan "ita" a can, ko amsa ba ta dace da tambaya ba, akwai hannun inji ko na mai gaggawa. Idan aka nuna wasiƙa ko saƙon waya cike da allo ba a fassara ba, jarumi kuma ya fashe da kuka, an sauke abin da bai kamata a sauke ba. Idan sarki da bawa da ɗan daba duk magana iri ɗaya suke yi a rubuce, alhali kunnenka yana jin bambanci a muryoyinsu, an baje su ne. Idan na ga biyu daga cikin waɗannan, nakan nemi wata fassarar in sake kallon kashin farko, kuma ba sau ɗaya ba shirin da na kusa yarwa ya zama wanda na bi har ƙarshe.

Manyan dandali suna da Larabci da Faransanci, ba su da Hausa. Ranar da za a fara ɗora wa anime muryar Hausa da gaske, kusan tabbas daga Turanci za a ɗauko, domin haka ake yi wa harsuna da dama: a fassara zuwa Turanci, sauran su ɗiba daga can. Wato Yayan da Turanci ya zubar ba zai dawo da kansa ba, ƙanwa za ta riƙa kiran wanta da suna a cikin Hausa tsantsa. Mai wannan aiki ba sai ya ƙware a Japananci kafin ya gyara wannan ba. Ya bar muryar asali a kunnensa yana aiki, ya haddace kalmomi kamar ashirin na dangantaka da gaisuwa, duk inda ya ji onii-chan ya goge sunan da Turanci ya rubuta ya mayar da Yaya.